Tsohon Bashi da Amsar Wanda Ake Ƙara: Duba Ga Yadda Ake Karanta Maganar Dardir

 

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a bakin ɗalibai, har ta fara fita daga zaure tana shiga kasuwa, cewa wai a mazhabar Imamu Malik bashin da ya kai shekara 20 ba a nema ba ya faɗi. Masu faɗinta sukan jingina ta ga Shaihu Ahmad Dardir (ya rasu 1201H/1786M), Allah Ya yi masa rahama. Jinginawar tana da tushe, kuma tushen nan shi ne ya sa take da haɗari, domin ƙaryar da ba ta da asali ɗalibi ma yana iya ture ta, amma maganar malami da aka yanke mata kai da ƙafa sai an koma littafi kafin a gane inda aka yi mata rauni. Manufar wannan nazari ita ce a koma ga maganar, a auna ta da halin mutumin da sammaci ya iske a gida kan bashin da ya daɗe, a ga abin da ta ba shi da abin da ba ta ba shi ba.

Mu sawwara mas'alar a wurin da irinta ba baƙuwa ba ce. Tozai tana cikin ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato, a bakin iyaka, kuma mu'amalar mutanen wannan yanki da na Birnin Ƙonni ta girmi iyakar kanta. Mu ƙaddara wani manomi na Tozai ya karɓi rance a hannun wani ɗan kasuwa na Ƙonni a shekarar 2003 don ya sayi shanun noma, aka rubuta a 'yar takarda da ajami cewa jaka 50 ce, a gaban mutum biyu. Shekaru suka tura, ɗaya daga cikin shaidun ya rasu, mai kuɗin bai taɓa tuntuɓa ba. Bayan shekara 20 da ɗoriya sai ga sammaci daga kotun shari'a. Kafin ranar zama, manomin nan zai sami masu ba shi shawara fiye da yadda yake buƙata. Ɗalibin da ya taɓa Mukhtasar zai ce masa bashin ya mutu. Wanda ya ɗan san dokar boko zai ce masa kada ya rubuta komai, kada ya biya ko sisi, idan aka tambaye shi ya ce bai san zancen ba. Shawarar biyu daga rijiya dabam-dabam aka ɗebo su, amma wuri ɗaya suke kai mutum.

Abin da Dardir ya kawo

A ƙarshen bayanin hiyaza, wato riƙon da ke hana a saurari ƙarar mai da'awar mallaka, Dardir ya juyo kan basussukan da suka tabbata a zimma. Ya ambaci ra'ayin Muɗarrif, almajirin Malik kuma ɗan 'yar'uwarsa, na shekara 20. Ya ambaci na shekara 30. Ya ambaci na masu cewa ba sa faɗuwa ko kusa. Ya nesanta ra'ayin da ya gajarta lokacin zuwa shekara biyu. Sannan ya rinjayar da cewa a mayar da al'amarin ga ijtihadin alƙali, ya dubi halin zamani da halin bashin da halin mutanen. Abu na farko da mai karatu zai lura da shi ke nan: shekara 20 ɗin da ake dangana masa ba ita ce zaɓinsa ba. Ra'ayi ne ɗaya cikin ra'ayoyin da ya jero, kuma ko shi ɗin yana ɗaure da sharaɗin mai bashin ya kasance yana nan, ya yi shiru, babu abin da ya hana shi nema.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Me ake nufi da faɗuwa a nan? Haɗɗab (ya rasu 954H) a cikin Mawahibul Jalil ya naƙalto abin da ke fayyace ta: wanda ya yi shiru tsawon wannan lokaci, idan ya taso, ana gaskata wanda ake bi a kan cewa ya biya, ba a kallafa masa kawo shaidu, saboda mai yiwuwa sun mutu ko sun manta. Ashe ke nan tsawon lokaci ƙarina ce da ke ƙarfafa maganar mai cewa na biya. A asalin ƙa'ida, wanda ya yarda an ba shi bashi sannan ya ce ya biya, ya koma mai da'awa, shaida tana kansa. Abin da daɗewa ta yi shi ne ta sauke masa wannan nauyi, domin al'ada ba ta san mai haƙƙi yana ganin abokin mu'amalarsa kowace kasuwa shekara da shekaru, ga buƙata, ga iko, bai buɗe baki ba, sai idan an sallame shi. To wanda ya san a ransa bai biya ba, me wannan ƙarina ta ƙara masa? Ba ta ƙara masa komai ba, sai dai damar yin ƙaryar da za a gaskata. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya yanke hukuncin wannan dama, inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana cewa wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya hujja, yankin wuta aka yanka masa.

A nan ina ganin akwai ɗan abin da za a iya kama Dardir da shi, tare da girman matsayinsa. Lafazin kayar da bashi da ya yi amfani da shi wajen jero ra'ayoyin lafazi ne na masu rubuta wa alƙalai, waɗanda suka san cewa abin da ake kayarwa shi ne sauraren ƙara a zahiri. Ya taƙaita, kamar yadda masu sharhin wancan zamani suka saba, bisa dogaro da cewa mai karatunsa yana gaban malami. Yau kuwa ana karanta sakin layin a waya, a yanko shi a tura, babu malami babu abin da ya gabace shi. Majallar Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda aka kammala a 1876, ta fi shi tsare wannan ƙofa. Ta sanya shekara 15 a sashe na 1660 ga ƙarar bashi, amma ta zo a sashe na 1674 ta bayyana cewa haƙƙi ba ya gushewa da shuɗewar zamani, kuma idan wanda ake ƙara ya yi iƙirari a gaban alƙali, da iƙirarinsa za a yi hukunci. Sai dai ita ma Majalla ba ta tsira ba daga masu ɗaukar adadinta su bar sharaɗinta. Kuma adadin nata ya ginu ne a kan umarnin mai mulki da ya taƙaita abin da alƙalansa za su saurara, a fiƙihun Hanafiyya. Ba abu ba ne da alƙalin Illela zai ɗauko ya ɗora wa mutane don ya gan shi a rubuce da lamba.

Hatta dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila, wadda asalinta ke komawa ga dokar 1623 mai shekara 6, masananta suna cewa hanyar ƙara take rufewa, bashin kansa yana nan. Shi ya sa a tsarinta iƙirari a rubuce, ko biyan wani sashe, yake sabunta lissafin lokacin, kuma daga nan shawarar nan ta kada ka rubuta, kada ka biya ta samo asali. Shawara ce da ta dace da manufar wanda ke son ya tsira a kotu kawai. Musulmin da ya san ana bin sa, idan ya bi ta, ya shiga ƙarƙashin hadisin da ya kira jinkirin mawadaci zalunci, ya kuma ƙara da dabara a kai.

Ko da an koma ga sharuɗɗan Muɗarrif, ban ga sun cika cikin sauƙi a irin wannan ƙasa ba. Halarta, a misali. Mutumin Ƙonni yana nan ko ba ya nan? Tafiyar ba ta da nisa, babur ma yana yin ta, kuma wanda ke cin kasuwar Illela ba za a kira shi wanda ya ɓace ba. An rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Waɗannan uzurai ne na gaske, amma na watanni ne, ba za su cike shirun shekara 20 ba, kuma mai ƙarar da ya dogara da su kaɗai hujjarsa tana da rauni. Uzurin da ya fi su ƙarfi ba a rubuta shi a kowace takarda ba, wato kunya da kara. Mutum yana bin surukinsa, ko ɗan malaminsa, ko wanda ya taɓa yi masa rana, ya gwammace ya kwana da yunwa da ya aika a tuna masa. Malamanmu sun lura da wannan a babin hiyaza, inda suka sanya wa bare shekara 10, suka tsawaita wa dangi lokacin ƙwarai, saboda shirun ɗan'uwa ba shi da ma'anar shirun bare. Wannan shi ne halin mutane da Dardir ya ce a duba, kuma a nan ne zaɓinsa ya fi na masu ƙayyade adadi inganci. Idan kuma takardar tana hannun mai bashin, ba a yage ba, ba a karɓe ba, wannan ƙarina ce da ke karo da ƙarinar shiru, kuma a kanta masu cewa bashi ba ya faɗuwa suka ƙarfafa ra'ayin da ake dangana wa Ibnu Rushd kaka (ya rasu 520H).

Amsar da za a bayar

Babban giɓin da ke cikin yadda ake tattauna wannan mas'ala shi ne an mayar da hankali kan shekaru an manta da jawabi, alhali makomar shari'ar tana rataye ne da kalmar farko da wanda ake ƙara zai furta. Shiru ba mafita ba ne. Khalil ya bayyana cewa wanda ya ƙi amsawa, bai yi iƙirari ba bai yi inkari ba, ana tsare shi a ladabtar da shi, idan ya doge a yanke masa hukunci ba tare da an nemi mai ƙara ya rantse ba. Ƙin halartar zama kuwa ba ya tsayar da shari'a.

Musu na gaba ɗaya ya fi shiru cutarwa, kuma a nan ne shawarar ka ce ba ka san zancen ba take halaka har mai gaskiya. Khalil ya rarrabe tsakanin wanda ya musa asalin mu'amalar da wanda ya ce ba ka da haƙƙi a kaina. Na farko, idan mai ƙara ya kawo shaida ta tabbata, sannan ya dawo ya ce ai na biya ga shaiduna, ba a karɓar shaidarsa, domin da bakinsa ya ƙaryata ta: wanda bai karɓa ba, me ya biya? Na biyu kuwa ƙofarsa a buɗe take. Wasu masu sharhi sun yi wa ba'ame uzuri, tunda bai san bambancin lafuzzan biyu ba, kuma wannan sassauci ne mai kyau. Amma wanda aka zaunar aka koya masa musun, ban san yadda zai fake da jahilci ba. Mai karatu ya dubi abin mamakin: manomin da ya biya da gaske tun shekara 15 da suka wuce, wanda tsawon lokaci ya tsaya masa, idan ya ce na karɓa kuma na biya, yana kan hanyar a gaskata shi. Idan ya bi shawarar musu, ya rushe ƙarinar da shari'a ta gina masa da hannunsa.

Saura wanda ya manta. Wannan ya fi yawa fiye da yadda ake zato, domin mu'amalar kasuwa ba ta tafiya a layi ɗaya: an ba da buhun gero a kaka, an tura ɗan rago da salla, an biya wa wani kuɗin mota a madadin wani, ba wanda ya ce wannan na bashi ne wannan na zumunci. Mazhaba ta halatta wa mai rantsuwa ya dogara da zato mai ƙarfi, kamar rubutun hannunsa ko na mahaifinsa. Idan yana da irin wannan, to. Idan kuwa shakka ce zalla, zimmarsa ta ɗauki nauyi da yaƙini, ba za ta kuɓuta da ƙila ba, kuma abin da ya dace ya gaya wa alƙali shi ne gaskiyar halinsa: ya karɓa, ya ba da kaza da kaza, ba ya iya yankewa a kan sauran. Yana da haƙƙin a ɗaga masa lokaci ya nemo hujjarsa, yana da haƙƙin i'izari kafin hukunci, ya soki shaidar da aka kawo idan akwai abin suka. Idan kuma ya yarda da bashin amma ba shi da halin biya, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa zuwa lokacin yalwa. Duk waɗannan kariya ce da shari'a ta ba shi a fili, babu wadda ke buƙatar ƙarya a cikinsu.

Sau da yawa sammacin ba ya iske wanda ya ci bashin, magadansa yake iskewa. Hukuncinsu ya fi sauƙi ta wata fuska. Ba a neman su rantse cewa mahaifinsu bai ci ba. Iyakarsu su rantse ba su da sani, idan an yi da'awar sun sani. Mai ƙara kuwa, ko ya kawo shaidu, sai ya ƙara da rantsuwar da ake kira yaminul ƙada'i, cewa bai karɓa ba, bai yafe ba, bai mayar da bashin kan wani ba, domin mamaci ba shi da bakin kare kansa. Ibnu Asim (ya rasu 829H) a cikin Tuhfa ya taɓo wanda ya halarci rabon gado: muddin akwai sauran da bai rabu ba wanda ya kai adadin bashinsa, shirunsa bai hana shi tashi ba, abin da ke nuna cewa wanda aka rabe komai a gabansa yana kallo, babu uzuri, ya raunana kansa. Amma magajin da ya ji mahaifinsa yana ambaton bashin a jinyar ajali, ya sani, kuma hadisin Muslim da ya nuna ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi a kan mahaifin nasa yake magana.

Nawa za a biya?

Ga wurin da maganar Dardir ba ta kai ba ko kaɗan, kuma a bakin iyaka shi ne ainihin rigimar. Takardar ta ce jaka 50. A bakin mutanen Nijeriya jaka naira 200 ce, gadon fam 100 na da. A bakin mutanen Nijar sefa 1,000 ce. Wato naira 10,000 ko sefa 50,000. A 2003 waɗannan adadi biyu kusan ɗaya suke a canji, dala tana wajen naira 130, shi ya sa babu wanda ya damu ya fayyace. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, naira kuwa ta yi ta gangara, har dala ta haura naira 1,500 a 2024. Sefa 50,000 yanzu ta wuce naira 100,000. Kalma ɗaya a takarda ta zama bambancin ninki goma da ɗoriya.

Sharaɗin da'awa a mazhaba shi ne ta kasance sananniya tabbatacciya, saboda haka haƙƙin wanda ake ƙara ne ya nemi mai ƙara ya fayyace wace jaka yake nufi kafin ya amsa. Neman fayyacewa ba gudu ba ne. Sai dai shi ma ya san takardun da aka ƙirga masa a hannu a ranar, masu hoton wa ne, kuma da su ake aiki. Idan sefa ya karɓa, sefa ake bin sa. Idan zai biya da naira, da canjin ranar biya ne, su rabu babu saura, kamar yadda ya zo a hadisin Ibnu Umar kan sayar da raƙuma da dinari a karɓi dirhami.

Idan naira ya karɓa fa? Mashahurin mazhaba shi ne a mayar da kwatankwacin adadin, ko kuɗin sun yi tsada ko sun yi araha, muddin ana mu'amala da su. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tafi a ƙudurinta na 42, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988. Hujjarsu tsoron riba ne, kuma tsoro ne da yake a muhallinsa. Amma Rahuni (ya rasu 1230H) a hashiyarsa ya ƙayyade wannan da cewa idan canjin ya yi muni ƙwarai, har mai karɓa ya zama kamar ya karɓi abin da ba shi da wani amfani, to a koma ga ƙima. Abu Yusuf na Hanafiyya ma ƙima ya gani. Naira 10,000 da ta shiga cinikin shanun noma a 2003, yau ba ta sayen ɗan akuya mai kyau a kasuwar Illela. Idan wannan bai kai munin da Rahuni ya siffanta ba, ban san wanda zai kai ba.

Duk da haka ba na ganin alƙali zai ɗauki maganar Rahuni ya zartar da ita ido rufe, domin a tsohon bashi akwai tambayar da ba ta cikin bashin jiya: wa ya jawo jinkirin? Idan mai bashi ya yi ta nema ana yi masa gobe-jibi, mai jinkirin azzalumi ne, kuma ɗora masa asarar faɗuwar kuɗi yana da fuska mai ƙarfi. Idan kuwa mai kuɗin ne ya yi shiru da zaɓinsa, ga wanda ake bi da hali a shekarun da naira ke da daraja, ba a tuna masa ba, to shirun da bai isa ya kayar da bashin ba yana iya isa ya hana a ɗora wa ɗaya dukkan asarar. A nan ne nake ganin ya kamata a yi amfani da mizanin Dardir na zamani da bashi da mutane, a wurin da shi bai kai shi ba, wato wajen ƙaddara adadi a sulhu. Wanda ake ƙara kuma yana da hanyar da babu saɓani a kanta: ya yarda da naira 10,000 a matsayin abin da ke wuyansa, ya ƙara abin da ya ga ya dace don kansa, ba da sharaɗi ba, kamar yadda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, a hadisin Abu Rafi'i da Muslim ya ruwaito. Idan aka daidaita, a rubuta sulhun a gaban alƙali, a ambaci kuɗin da sunansu da adadinsu da lamba, a karɓi tsohuwar takardar daga hannun mai ita.